A Kan Amalanke Kaɗai Take Buɗewa

Jiya ina tsaye bisa amalanken jakin Baba a Ɗan Kassari, na ɗaga wayar salula sama, zanina na neman kwancewa. A littattafan da nake karantawa Dubai miji ke tura matarsa. Ni nawa gida ya turo ni neman rezo, wato siginar waya.

Maigidana ne ke kwashe aikin wata koferatif ta manoman wake daga tsohuwar ordinatarsu, kwamfutar da ke Dogon Dutsi, zuwa kulawud, wato rumbun intanet, don wakilan ƙauyuka su riƙa shiga ta aplikasiyon, wato manhajar waya. Patoron, shugaban koferatif ɗin, ya ce in aplikasiyon ba ta aiki a ƙauye kafin kaka, kwangila ta mutu. In ta mutu kuwa, maigida ci-rani zai tafi Abijan, ya bar ni da ciki.

Alamar jira a fuskar wayar ta yi ta juyi, zuciyata na bin ta. Can sai ga aplikasiyon ta buɗe! Na kira maigida har da guɗa.

Ya ce, "Hadiza, kina ina tsaye?"

"Bisa amalanke."

"Sauko ƙasa ki gwada."

Na sauko. Ta ɗauke ɗif.

Inna da ke sussuka ta ce, "Ke ɗiyar nan, hwaɗa mishi ba kowa ad da jaki ba."

Na faɗa masa. Bai yi dariya ba, ya ce sai ya sake gina ta yadda za ta yi aiki ko babu rezo.

Gero ya riga ya fitar da kai. 'Yan uwa, wa ya san in wannan gyaran na ƙarewa kafin kaka? Ku gaya mini gaskiya, kar ku lallashe ni.