Azarar Gidanmu

Ƙauyenmu yana arewa da Babura, dab da iyakar Nijar, inda rairayi ke binne shuka tun tana ƙarama. Kakan kakanmu ne ya haƙa rijiyar da ta tara mu. Da ruwanta ya ja baya, mutane suka fara tashi gida-gida.

Al'adar garin, duk wanda ya tashi, azarar ɗakinsa rabon waɗanda suka rage ce, don giginya ta ƙare a yankin. Ranar da muka ɗora kaya a amalanke za mu Kazaure, ko kukar bakin gari ba mu wuce ba na waiwaya. Sai ga Baffa, wan mahaifina, a kan ɗakinmu yana zare azara. Ko kunya babu!

Zaman Kazaure bai karɓe mu ba, muka dawo. Baba, duk ya rame, ya durƙusa gaban wansa a sabon zauren da Baffa ya gina. Baffa ya bar shi a durƙushe, ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Ya ce, "Azararka mai kyau ce, ko gara ba ta taɓa ta ba. Yaushe za ku koma?"