Kujerar Ƙarshe a Motar Vermosh

Saura mutum ɗaya motar Vermosh ta cika, ga mai kujerar ƙarshen can, wata mata, a ƙofar shagon kofi ta ƙi shigowa. Doguwa ce, takalmanta duk laka, ta ɗaga kwamfutar hannu sama tana tatsar intanet ɗin shagon. Fayil-fayil take saukewa, sai bubbuga ƙafa take yi. Malamar makaranta ce, ina ji.

Ndue direba ya danna hon. "Baiwar Allah, a Shkodër za mu kwana?"

"Haba Kawu, saura littattafan aji uku! Da mun hau dutse babu sauran sabis."

Muna ta tsaki. Sai Ndue ya kashe mota.

"Jikata a aji uku take," in ji shi. "Mai sauri ya taka da ƙafa."