Kasuwa Mai Zuwa

Ban taɓa noma albasa ba, ban kuma taɓa samun kuɗin sayen rudu guda ba. Magana nake saye. A shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi, sai in je wajen manomi in duba rudunsa, rumfar karan da yake ajiye albasa, mu tsayar da farashi, in ba shi kafin alƙalami, mu sa wa'adi. In albasa ta hau kafin wa'adin, in sayar wa fataken kudu maganata, su biya manomi farashinmu, rarar tawa ce. In ta faɗi, in bar masa kafin alƙalamin in kama gabana. A aji biyu na baro sakandare, amma wannan ba malamin da ya koya min.

Mai irin sana'ata ba ya son kasuwa kwance. Ko ta yi sama ko ta yi ƙasa, ta dai motsa. Kullum ina tashar Jega ina sansanar labari: an samu fetur, gada ta karye, hadari ya haɗu.

Wata bazara fetur ya ɓace, motocin kudu suka daina zuwa, albasa ta faɗi warwas. Na san ranar da suka dawo za ta haukace. Na jinginar wa ɗan baffana gonar fadamar da babanmu ya bar min, kan in ban fanshe kafin shuka ba ta zama tasa. Na kwashi kuɗin duka na kai kafin alƙalami wajen wani tsoho a ƙauyen Giwa Tazo mai rudu cike har baki. Muka tafa. Na ce zuwa kasuwa mai zuwa, ya ce Allah shi kai mu.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. In zauna a Jega, in ji kamar labarin yana Aliero, in hau mota in isa, in tarar da dillalai suna gyangyaɗi a kan buhuna. Wani mahauci abokin wasana ya ce in ci gaba da safa da marwa, ko direbobi za su ba ni lada.

Jajibirin kasuwar Aliero motocin suka shigo a jere. Kafin la'asar buhu ya ninka. Na kama wani falke, muka ɗauki shatar mota har Giwa Tazo, ina lissafin gonata a hanya, har da rufin kwano.

Rudu wayam. Kara kawai da ɓawo.

Tsohon na zaune yana gyaran igiya. Na ce, "Baba, ina albasata?"

Ya ce, "Ɗana, ai kasuwa taw wuce. Na jira ka har anka watse, ba ka taho ba."

"Kasuwa gobe ce, Baba."

"Ta Aliero ka ka nufi? Mu nan in anka ce kasuwa, Maiyama ta."

Ta Maiyama ta ci shekaranjiya. A ranar, da yamma, ya sayar wa wani da arha, yana ma ƙorafin ni na ja masa asara.

Na kai ƙara wajen mai gari. Ya saurare mu, ya tambaye ni a ina muka yi maganar. Na ce a ƙofar tsohon. Ya ce to magana 'yar garin da aka haife ta ce, kafin alƙalami kuma ya ciwu, ya zama na tsohon. Dattawa suka gyaɗa kai. Dukansu kasuwar Maiyama suke ci, me za su ce? Falken ma sai da na biya shi kuɗin mota.

Har yau ban yarda na yi kuskure ba. Duk duniya ta san albasa Aliero ce kasuwarta. Maiyama gero da awaki.

Ruwa ya sauka, ban fanshe ba. Ɗan baffana albasa yake nomawa a gonar yanzu. Bara na je in sayi maganar rudunsa, ya karɓi kuɗin, ya dube ni ya ce, "Yaya, wace kasuwa?"