Kwamitin Farfaɗo da Marmaro

Tun da ruwan kanal ya iso garinmu muka manta da marmaron gindin dutse, har shara muke zubarwa a ciki. Shekarar da aka rufe kanal don gyara, renon tumatirina ya fara langaɓewa, sai muka kafa kwamitin farfaɗo da marmaron. Da yake na kai aji huɗu, ni aka ba sakatare. Kwana tara muna muhawarar wa ya cancanci fara sa fartanya. Ranar da muka isa cikin manyan riguna, muka tarar wani makiyayi ya yashe shi, shanunsa suna sha.

Ya ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Duba aiki muka zo."

Tumatir dai ya bushe, amma rahotona ya fito tsaf.