Waƙar da Ƙanina Yake Sawa a Keke

Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ajilari. Da safe ina ɗaure kwalayen banda a kasuwar kifi ta Baga Road, bayan la'asar in zauna a benci da fensir. Wata rana malamarmu ta ce kowa ya rubuto baitocin waƙar da ya saba ji.

Na zaɓi wadda ƙanina yake sawa kullum a keke napep ɗinsa in ya zo ɗaukar mana kaya. Kiɗanta da zafi, a gidan biki har rige-rigen shiga fili ake yi. Ban taɓa kula da abin da take faɗa ba. Amma hannuna ba ya sauri, dole in sa ta a waya, in tsayar, in rubuta kaɗan, in mayar baya. A haka maganar ta rabu da ganga. Mawaƙin ya ga masoyiyarsa a motar wani, ya ce wa zuciyarsa ai ɗan'uwanta ne. Ta daina ɗaga wayarsa, ya ɗora wa sabis laifi. Ya ce ƙona shi take yi, kuma gobe zai koma.

Ƙanina yana neman wata mai sayar da turaren wuta a Kasuwar Kwastam, kuma kowa ya san akwai wani direban babbar mota da ke zuwa wurinta. An sa ranar kai gaisuwa, ni zan shige gaba tunda mahaifinmu ya rasu. Na kasa buɗe baki in gaya masa.

Washegari na ce ya kashe keken ya saurari karatuna. Na fara, ina tuntuɓe.

"Yaya, ka kashe waƙar," ya ce yana dariya. "Sai ka ce sanarwar rasuwa!"

Na ci gaba har baitin da ya gan ta a motar wani. Dariyar ta ɗauke.

"Kana zaton ban san abin da take cewa ba?" in ji shi. "Don me nake sa ta?"

"To, gaisuwar fa?"

Ya daɗe yana juya makulli a hannu. "In na ce ka je, za ka je?"

"Zan je. Kai zan ji daga bakinka."

Ya loda kwalayen, ya ɗaure su da igiya, ya sake kwancewa ya ɗaure. Kafin ya tayar, bai kalle ni ba, ya ce in gaya wa kawunmu a ɗaga ranar tukuna.