Ranar da fiyano ya yi kiɗa ba hannu

Ko na manta inda na ajiye hulata, wadda kullum sai jikoki sun nemo min, ba zan manta da wani bikin mahauta a Aliero ba. Kuma tun da wuri in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne, kada ku wahalar da kanku neman wani.

A lokacin samarinmu akwai wasu yara a Jega da suka haɗa kuɗin albasarsu suka sayo fiyano, wannan akwatin kiɗa mai maɓallai da ake jona wa batirin mota. Kafin su, ba wanda ya taɓa jin irinsa a ƙasarmu. Ɗaya yana kaɗawa, ɗaya yana waƙa, sauran suna amshi. Ni kuwa da na yi 'yar firamare na gudu, ni ne manaja, domin ina iya karanta rabin Turancin da ke jikin akwatin. Ɗaya rabin kuma ina ƙirƙira.

Sai wani ango, ɗan babban mahauci, ya ce lallai fiyano yake so a bikinsa. Kowa ya san kiɗan mahauta kalangu ne, kowane gida da takensa. Dattawa suka ce an raina su. Ango ya kafe, uban ya haƙura da ƙyar. Tsohon makaɗin gidan ya zo da kalangunsa ya zauna can gefe, ya juya mana baya.

Ranar bikin, mai kaɗa mana ya tafi duba mahaifiyarsa a Sarandosa, mota ta lalace da shi a Maiyama. Aka yi la'asar, fili ya cika da samarin mahauta, babu shi babu labarinsa. Suka fara ƙunƙuni. Mawaƙinmu ya matso kusa da ni.

"Manaja, in ba mu tashi kiɗa ba yanzu, wallahi da mu da akwatin ga ba mai komawa Jega lafiya."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na san akwai wani jan maɓalli, in ka danna sai fiyano ya yi ta kiɗa da kansa. Na zauna, na gyara hula, na danna a ɓoye, na shiga yawo da yatsu sama-sama ina kaɗa kai kamar wanda aka haifa a kai. Kiɗa ya tashi. Mata suka yi guɗa. Har na fara tunanin ko dama can ina da baiwa ban sani ba.

Ana cikin haka uban ango ya taso ya nufo ni, ƙaton mutum, bai cika dariya ba. Ya miƙo min hannu. To ni an yi min tarbiyya. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na durƙusa na ba shi hannu biyu ba.

Fiyano kuwa bai san an zo gaisuwa ba. Ya ci gaba da abinsa.

Guɗa ta tsaya. Dattijon ya dubi hannuwana da ke cikin nasa, ya dubi akwatin, bai sake ni ba.

"Yaro, wanga abu shi ka kiɗin kainai?"

"Baba, ai... ai na koya mishi ne."

Wani daga baya ya ce, "Sun maishe mu mahaukata! A fasa shi!" Samari suka yo gaba. Na ga ɗaya ya ɗauko muciyar masu tuwo. Ango ya sunkuyar da kai, 'yan amshinmu biyu suka ɓace kamar ba a zo da su ba. Na fizge hannuna na danna wani maɓalli don in kashe, sai kiɗan ya ƙara gudu. Na danna wani, ya ƙara ƙarfi. Turancina duk ya ƙare. Gwiwoyina suna bugun ƙafar tebur har ana ji.

Mai muciya ya ɗaga ta ke nan, sai muka ji kalangu. Tsohon makaɗin ne ya miƙe. Ba don tausayinmu ba, daga baya ya ce so ya yi ya nuna wa akwatin iyakarsa. Ya saurari gudun kiɗan, ya hau kansa, ya saki taken gidan uban ango. Mawaƙinmu, da tsoro ya buɗe masa murya, ya kama kirarin gidan. Uban ango ya tsaya cak, sannan a hankali ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Muciya ta sauka. Can sai ga mai kaɗa mana ya diro daga bayan motar albasa, ya ture ni gefe ba ko sannu, ya shiga bin kalangun da yatsunsa.

Daga ranar suka ɗauki tsohon cikin ƙungiya. Kaset ɗinsu na fiyano da kalangu ya mamaye tashar Jega, ba direban da ba ya sa shi. Daga baya suka watse, mai kaɗawar da tsohon duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma yaran da ke haɗa kiɗa da kwamfuta yanzu, in ka kasa kunne, sawunsu suke bi. Ni dai na koyi cewa abin da ba ka iya ba, gara ka faɗa tun kana tsaye, kafin gaisuwa ta tona ka a durƙushe.

Sai dai koyo daban, bari daban. Kwanan baya a teburin mai shayi ina ba wasu samari labari cewa ni na ƙirƙiro wannan salo. Ashe mawaƙinmu, wanda yanzu dillalin albasa ne, yana zaune a bayana. Ya ajiye kofinsa ya ce:

"Manaja, ji tsoron Allah. Ranan nan akwati ya yi kiɗa, kalangu ya yi kiɗa, har gwiwoyinka sun yi kiɗa. Hannunka ne kaɗai bai yi ba."