Laccar da aka yi a gayaunata

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, mijina ya tashi wai zai tsaya takara. Malamin makarantar mishan ne a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, keke ɗaya gare shi, shi ma birkin baya ba ya ci. Da ya faɗa mini sai da na yi dariya har na ƙware.

Surukina kam bai yi dariya ba. Shi mutumin mai gari ne tun ƙuruciya, ga ɗansa na fari ya shiga jam'iyyar adawa. Ya daina amsa gaisuwarsa. Tuwon da nake aika masa ma sai a dawo mini da shi ko buɗewa ba a yi ba. Abin nan ya ci mijina ƙwarai, har ya rame.

A lokacin ba ka yin lacca sai da izini. Ɗaya ɗan takarar ya zo ranar kasuwa da mota da lasifika ya yi tasa, mijina kuwa kullum sai a ce ya dawo gobe. Ran nan haushi ya kama ni, na ce masa, "Malam, ita gayya ma sai da izini? Mu mata ba mu da ƙuri'a, amma ina da gayauna, kuma dawata ta isa girbi."

Kun dai san ƙa'idar gayya: in an gayyace ka ba ka ƙi, don gobe gonarka ce. Na dama kunu randa guda, na tuƙa tuwo har kafaɗuna suka sage. Mutane suka cika gayaunar da ni kaɗai ma zan iya girbe ta, har suna taka mini wake.

Ana cikin aiki sai ga surukina da magirbi a kafaɗa. Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Ya ce, "'Yar nan, ni gayya na zo."

Da aka zauna shan kunu, mijina ya hau kan damin dawa. Ya fara bayanin yadda ake danne manomi wajen awon auduga, da rijiyarmu da ke ƙafewa, da matan da ake kaiwa asibitin Malumfashi a kan jaki suna naƙuda. Sai idonsa ya faɗa kan ubansa. Wayyo! Mutumin da ke cika aji da murya ya koma kamar mai raɗa. Ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu, kunya kamar in nutse.

Tsohon bai ɗago kai daga ƙwaryarsa ba, ya ce, "Kai yaro, ɗaga murya. Na baya ba sa ji."

Na juya baya na yi kukana a gindin randa.

Zaɓe dai mun sha ƙasa, ba ƙaramin kaye ba. Har surukina ya rasu bai faɗa mana akwatin da ya jefa ƙuri'arsa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yanzu in na ji 'ya'ya suna gaba da iyayensu saboda siyasa, sai tausayi ya kama ni, don na san ciwon. Ranar da aka faɗi sakamako, tsohon nan da ƙafarsa ya zo gidanmu, ya zauna kusa da ɗansa a tabarma har rana ta faɗi.